Yadda Muka Gina Fuskar Ungozoma a Kwamfuta, da Abin da Masu Kallo Suka Gani a Cikinta

Sana'ata zane ce da haɗa bidiyo, kuma ƙaramin shagona yana cikin Garwa, a arewacin Kamaru. Yawancin aikin da ke shigo mini bai wuce katin biki da allon talla na 'yan kasuwa ba, amma gab da faɗuwar damina wata ƙungiya mai wayar da kan mata game da lafiyar yara ta kawo mini aikin da ya sha bamban. Suna son gajeren bidiyo a kan maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 a kowane wata na damina, ana sha kwana uku a jere, domin a tunatar da iyaye mata cewa ma'aikacin lafiya yana ba da na ranar farko a gabansa, na rana ta biyu da ta uku kuwa amana ce a hannun uwa. Suna son saƙon ya fito da Hausa da Fulatanci, kuma kada ya yi nauyin da zai gagari WhatsApp. Matsalar ita ce babu macen da ta yarda fuskarta ta riƙa yawo daga waya zuwa waya, kuma ko da wata ta yarda, da wuya mijinta ya amince. Shi ya sa aka yanke shawarar a ƙera wata dattijuwar ungozoma a kwamfuta, a sa mata muryar mutum.

Muryar Hausa ta gwaggona ce, wadda ta daɗe tana aikin ungozoma kafin ta huta. Ta yarda in ɗauki fuskarta a bidiyo yayin da take karanta saƙon, bisa sharaɗin cewa hoton ba zai fita daga kwamfutata ba, kuma ba zan sa wa matar da zan ƙera kamanninta ba. Wannan sharaɗi ya yi mini amfanin da ban yi tsammani ba, domin ya bar ni da fuska biyu masu furta kalmomi iri ɗaya da murya ɗaya, ɗaya ta jini da tsoka, ɗaya ta lissafi, kuma duk abin da ya biyo baya kwatanta su ne.

Ƙera kan kansa bai ɗauki hankalina sosai ba. Na yi aiki da Blender, manhajar da ake samu kyauta, na sassaƙa ƙoƙon kai da hanci da leɓe, na ɗaura mata ɗankwali da mayafi, wanda ya hutar da ni daga wahalar gashi. Abu ɗaya da ya dace in ambata shi ne baƙar fata tana bayyana siffarta ne ta hanyar ƙyallin da haske yake yi a goshi da kunci da karan hanci, saboda haka sai da na daidaita fitilun cikin manhajar da kyau kafin fuskar ta daina zama baƙin faifai marar tudu da kwari.

Aikin gaske ya soma ne a wurin motsi. Masu wannan sana'a suna dogara da wani tsari da Paul Ekman da Wallace Friesen suka wallafa a Amurka a 1978, wanda ya rarraba duk motsin da fuska ke iya yi zuwa ƙananan gaɓoɓi, kowace da lambarta. Lamba 12 ita ce jan gefen baki zuwa sama, lamba 6 ɗagowar kunci da ƙanƙancewar fatar da ke kewaye da ido, lamba 4 haɗe gira, lamba 1 ɗaga bakin gira na wajen hanci, lamba 5 kuma buɗe fatar ido ta sama. A cikin manhajar nakan gina kowane motsi daban, in ba shi maɓallin da ke tafiya daga sifiri zuwa ɗaya, sannan in riƙa haɗa su gwargwadon abin da ake faɗi. Na ajiye madubi kusa da kwamfuta, ina murmushi ina ɗaure fuska ni kaɗai, har yaron shagona ya fara kallona a kaikaice. Da na gama, matar tana magana, leɓenta yana bin murya daidai, tana murmushi a wurin gaisuwa, tana haɗe gira a wurin gargaɗi. A idona aiki ya yi kyau, amma ai mai aiki ba shi ne alƙalin aikinsa ba, don haka na ɗauki kwamfutar zuwa gidan Gwaggo da yamma, lokacin da matan maƙwabta suke taruwa a tsakar gida.

Na kunna bidiyon na koma gefe. Ba wanda ya ruɗe game da abin da fuskar take nufi, domin da na tsayar da hoton na tambaya, kowa ta ce nan murna take yi, nan kuma ranta a ɓace yake. Sai dai babu wadda ta sake. Wata ta yi dariyar da ba ta jin daɗi ba, wata yarinya ta ɓuya a bayan uwarta, wata kuma ta ce ita dai ba za ta karɓi shawarar wannan mata a kan ɗanta ba. Gwaggo ta daɗe tana kallo kafin ta ce, "Ɗana, bakinta yana dariya, amma idonta irin na kifin da aka shimfiɗa a kasuwa ne. Wannan ai yaƙe take yi." Daga nan, da izininta, na kunna nata bidiyon ga matan da ke wurin, waɗanda dama sun saba da ita. Kalmomin ba su canza ba, muryar ma ita ce, amma sai na ga kawuna suna gyaɗawa, na ga murmushi yana bayyana a fuskokinsu a daidai lokacin da nata yake bayyana.

Wannan bambanci, wato a gane abin da fuska take nufi amma a ƙi amincewa da ita, shi ya tura ni karanta abin da masana ƙwaƙwalwa suka gano, kuma na tarar abin da na gani a tsakar gidan yana da bayani. Gane cewa abu fuska ne yana faruwa da saurin da mutum ba ya ma sanin ya faru. A 1996 Shlomo Bentin da abokan aikinsa suka manna wayoyi a fatar kan mutane suna auna wutar ƙwaƙwalwa, suka ga wata alama da ke tashi kimanin kashi 170 cikin 1000 na sakan ɗaya bayan ido ya faɗa kan fuska, wadda ake kira N170. A shekarar da ta biyo baya, 1997, Nancy Kanwisher da abokan aikinta suka nuna da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa cewa akwai wani yanki a ƙasan ƙwaƙwalwa, a lanƙwasar da ake kira fusifom, da ke aiki sosai idan ana kallon fuska fiye da idan ana kallon gida ko wani kaya. Wannan matakin farko ba shi da tsanani wajen zaɓe, domin ko zanen da bai wuce ɗigo biyu da layi ɗaya a cikin da'ira ba yana iya tayar da alamar N170. Ashe ba abin alfahari ba ne don matan sun gane murna da ɓacin rai a fuskar ungozomata, tun da ƙananan hotunan da muke aika wa juna a waya ma suna cin wannan jarrabawa.

Hukuncin da ya fi wuya yana zuwa ne bayan haka, kuma a nan wani ƙaramin curi mai suna amigdala yake shigowa, wanda akwai shi a kowane ɓangare na ƙwaƙwalwa, can ciki daura da kunne. Aikinsa ya haɗa da tantance abin da ya cancanci a mai da hankali a kai, musamman haɗari da halin da wani yake ciki. A 2007 Ewald Moser da abokan aikinsa suka nuna wa mutane fuskokin mutane da fuskokin kwamfuta masu bayyana yanayi iri-iri, suka tarar amigdala tana amsawa ga duka biyun, amma yankin fusifom ya fi ƙarfin amsawa ga fuskar mutum ta gaske. A 2020 kuma Jari Kätsyri da Beatrice de Gelder da Aline de Borst suka wallafa binciken da ya nuna amigdala tana ƙara amsawa ga kallon ido cikin ido idan fuskar ta gaske ce, ba ta yin haka ga fuskar da aka ƙera. Yadda na fahimci waɗannan sakamako, ƙwaƙwalwa tana karanta saƙon da ke kan fuskar kwamfuta, tana kuma riƙe da sanin cewa babu kowa a bayanta. Aikin mai ƙera fuska shi ne ya rage abubuwan da ke ta tunatar da mai kallo wannan rashi.

Na fara da abin da Gwaggo ta nuna, wanda wani likitan Faransa mai suna Duchenne ya riga ya rubuta tun 1862. Ya riƙa sa wutar lantarki a tsokokin fuskar mutane yana ɗaukar hoto, ya lura cewa tsokar da ke jan baki tana bin umarnin mutum, amma tsokar da ta kewaye ido tana motsawa ne idan farin cikin na gaske ne. A fuskar da na gina lamba 6 tana nan, sai dai ta yi rauni ƙwarai idan aka kwatanta da lamba 12. Na buɗe bidiyon Gwaggo ina tafiya da shi hoto bayan hoto, hotuna 24 a kowane sakan, sai na ga abin da ido ba ya kamawa a zaune. Lokacin da ta ce "sannunku da ɗawainiyar yara", kuncinta ne ya fara ɗagowa, fatar ƙasan idonta ta tattaru har idon ya ragu, ƙananan layuka suka fito a gefensa, sannan baki ya biyo. Gefen hagu ya ɗan riga na dama. Da ta gama gaisuwar, murmushin bai ɗauke nan take ba, ya riƙa raguwa a hankali har ta shiga jimla ta gaba yana nan da sauransa. A ungozomata kuwa komai yana tashi tare, ɓangarorin biyu daidai wa daida, ya tsaya cak, ya sauka tare. Na rarraba lokutan, na sa ido ya riga baki da 'yan hotuna kaɗan, na karkatar da gefe ɗaya, na tsawaita saukar. Aiki ne mai cin rai, domin gyaran sakan biyar yana iya cinye yini, ga zafin Garwa da ke sa kwamfuta ta riƙa huci, ga ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki.

Daga nan na koma kan ƙwayar idon kanta. Idon mai rai ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana tsalle daga wuri zuwa wuri kusan sau uku a sakan, kuma mutum yana ƙifta ido kimanin sau 15 zuwa 20 a minti, ba a kan tazara ɗaya ba. A bidiyon Gwaggo ƙiftawar tana yawan faɗowa a ƙarshen jimla ko lokacin da ta juya kai, kuma idan tana neman kalma sai idonta ya kauce gefe kafin ya dawo. Na kwafi wannan tsari, na ƙara ɗan danshi a gefen fatar ido ta ƙasa da ɗigon haske a kan baƙin idon. Gyaran ƙanƙane ne, amma shi ya fi kowane sauya fuskar.

Wurin da ya fi ba ni tunani shi ne sashen gargaɗi, inda ungozoma take cewa idan jikin yaro ya yi zafi ƙwarai, ko ya kama jijjiga, ko ya kasa shan nono, a garzaya da shi asibiti. Da farko na buɗe mata ido sosai domin a ji nauyin maganar, kuma a daidai nan ne yarinyar nan ta ɓuya. Dalilin yana cikin binciken da Paul Whalen da abokan aikinsa suka wallafa a 2004, inda suka haska wa mutane farin idon mai tsoro kawai, ba tare da sauran fuskar ba, na tsawon kashi 17 cikin 1000 na sakan, gajartar da ba ta isa mutum ya san ya gani ba, amma duk da haka amigdala ta amsa fiye da yadda ta amsa ga idon mai murna. Akwai kuma wata mata a Amurka da ake ambata da haruffan S.M., wadda wata cuta ta lalata mata amigdala ta ɓangarorin biyu. Ralph Adolphs ya nuna a 1994 cewa ba ta iya gane tsoro a fuskar mutane, sannan a 2005 aka gano cewa ba ta kai dubanta kan idanu ne, kuma idan aka umarce ta ta dubi idon sai ta gane. Farin ido da ya bayyana da yawa ƙararrawa ce ga ƙwaƙwalwa, kuma ni ba tsoro nake son uwa ta ji ba, so nake ta ji cewa maganar babba ce kuma mai faɗinta ta damu da ita. Da na sake duba Gwaggo a wannan jimla, ko kaɗan ba ta zare ido ba. Bakin girarta na wajen hanci ne ya ɗago kaɗan tare da ɗan haɗewa, ta sunkuyo da kai gaba, ta rage saurin magana. Na sauke lamba 5 kusan gaba ɗaya, na haɗa lamba 1 da lamba 4.

Batun inda ido yake kallo kuwa ba littafi ne ya warware mini shi ba. Darussan da ake koyarwa a intanet suna cewa a sa fuskar ta riƙa kallon mai kallo kai tsaye, wai hakan ne ke jawo amincewa. A wurinmu kafe mutum da ido ba ladabi ba ne, ko a tsakanin Hausawa ko a tsakanin Fulanin da muke zaune tare, kuma dattijuwa ma idan tana yi wa ƙaramar mace nasiha takan dube ta, ta kawar da kai, ta sake dubanta a wurin da maganar ta yi nauyi. Wata daga cikin matan ta ce da ni, "Malam, ka ce mata ta daina zura mana ido haka, sai ka ce mun ci bashinta." Masana ma sun san fassarar fuska ba ɗaya take a duk duniya ba, domin Rachael Jack ta Jami'ar Gilasgo ta nuna cewa mutanen gabashin Asiya sun fi dogara da yankin ido wajen karanta fuska, alhali Turawan yamma suna rarraba dubansu tsakanin ido da baki. A ganina wannan babban dalili ne da zai sa duk mai ƙera fuska domin mutanenmu ya ɗauki ma'auninsa daga fuskokin gida. Na sa ungozomar ta riƙa sauke ido lokaci zuwa lokaci, ta dubi ƙullin maganin da ke hannunta, ta ɗago kawai a kan kalmomin "rana ta biyu da ta uku".

Ba ni da na'urar auna ƙwaƙwalwa, amma ina da wani ma'auni da na samo daga binciken Ulf Dimberg na ƙasar Siwidin. A 2000 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa idan aka haska wa mutum fuska mai murna ko mai fushi na ɗan lokacin da bai isa ya san ya gani ba, tsokokin fuskarsa suna ɗan kwaikwayon abin da aka haska. Su da wayoyi suka auna, domin motsin yakan yi ƙanƙantar da ido ba ya gani, amma idan ya yi ƙarfi yana fitowa fili. Saboda haka a komawata ta gaba ban tambayi kowa ra'ayinta ba, domin kara takan sa a yabi aikin ɗan gida ko da bai yi ba. Na zauna inda nake ganin fuskokinsu. A wurin gaisuwa wasu sun mayar da murmushi, a wurin gargaɗi girarsu ta haɗe, kuma wata mai goyo ta kai hannu ta taɓa goshin ɗanta.

Duk da haka wani abu ya rage. A babban allon kwamfuta, inda ake ganin ƙofofin gumi da layukan leɓe, wasu har yanzu suna cewa matar tana da wani abu da ba su iya faɗi ba. Masahiro Mori, masanin mutum-mutumi na ƙasar Jafan, ya bayyana wannan tun 1970: yayin da abin da aka ƙera yake ƙara kama da mutum, sha'awarsa tana ƙaruwa, har ya kai gab da zama mutum sak, inda sha'awar take faɗuwa ta koma ƙyama, kuma motsi yana ƙara tsananta faɗuwar. Abin da na lura shi ne fatar da ta yi kama da ta gaske tana yi wa mai kallo alkawarin cewa motsin ma zai zama na gaske, kuma ƙaramar kwamfutata da hannuna ba za su iya cika wannan alkawari a kowane sakan ba. Manyan kamfanoni suna da kayan ɗaukar motsin fuska kai tsaye daga ɗan wasa, ni kuwa maɓalli nake ja. Sai na yi shawara da mutanen ƙungiyar, muka ja da baya da gangan. Na shafe ƙananan bayanan fata, na sauƙaƙa inuwa, na ɗan ƙara girman ido, har ta zama zane a fili wanda ba ya da'awar zama mutum, amma na bar duk aikin da na yi a kan lokaci da ƙiftawa da kallo yadda yake. Shugabar ƙungiyar ta ɗan yi jinkiri, domin a ganinta wadda ta fi kama da mutum ita ta fi nuna an kashe kuɗi, sai da ta zauna a tsakar gidan ta ga yara suna matsowa kusa da allon maimakon gudu, sannan ta amince.

Na Fulatanci ya buƙaci fiye da sauya murya. Tsawon jimlolin ya bambanta, wuraren da nauyin magana yake faɗowa sun matsa, don haka duk ɗagowar gira da ƙiftawa da saukar ido sai da na sake jera su a kan muryar matar da ta karanta, bayan na saurare ta har na san inda take numfasawa. Daga ƙarshe na matse bidiyon biyu domin su yi sauƙin aikawa, na gwada su a kan tsohuwar waya mai ƙaramin allo irin wadda mafi yawan matan suke riƙe da ita, inda na tarar ɗigon hasken ido yana ɓacewa idan an matse da yawa, na ƙara masa girma kaɗan. Na miƙa aikin kafin zagayen farko na rabon magani, sannan na goge bidiyon Gwaggo daga kwamfutata a gabanta, kamar yadda muka yi alkawari.